Katakon da Ba Ya Shan Mai

Brezovik, ƙarshen Oktoba

Uwata Danica,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mijinki Predrag. Ni nan ƙalau nake, in ban da gwiwar hagu da ke sanar da ni zuwan ruwan sama kafin rediyo ya faɗa. Kunne kuwa kin san halinsa, don haka ki daina wahalar da kanki a waya, kina ihu ina cewa "na'am?" Takarda ta fi, abin da ban gane ba sai in sake karantawa. Stojadin direban bas zai kawo miki wannan tare da kwalba biyu na miyar tattasai. Ba ta kai ta marigayiya uwarki ba, amma ba ta kashe kowa ba tukuna.

To ga labari, baranda ta ci mutum. Ranar Lahadi kum Vukadin, uban baftismarki, ya zo shan kofi, ya ja kujera can gefen da inabi ke ɗigar da ruwa. Yana cikin ba ni labarin kokawarsa a soja, wanda na ji har na haddace, sai na ji ɓaras! Ƙafarsa ta dama ta shige cikin katakon daɓen har gwiwa. Mutumin da ya riƙe ki a coci ranar baftisma, ga shi zaune daɓas a ƙasa da kofi a hannu, ko ɗigo bai zubar ba, yana cewa, "Radisav, in kashe ni kake so, ka sa mini guba kamar yadda mutanen kirki ke yi." Na yi dariya har da hawaye. Da ya tafi na daina dariyar.

Na ɗauko wuƙa na bi katakon ɗaya bayan ɗaya. Sama ƙyalli, ƙasa ya zama gari. Itacen da kakanki ya sare a dajinmu ne, ni na kafa shi shekarar da aka haife ki. Tun kina 'yar mitsitsiya kike riƙe mini gwangwanin man katako, kuma ko da kika tafi Linz ba ki taɓa fashin zuwa a Afrilu ba, mu goge, mu shafa, kafin idinmu na slava. Duk Brezovik babu barandar da ta kai tamu kyau ranar idin waliyyin gidanmu, kowa ya sani. Shekara arba'in da wani abu ina tsaye ranar Waliyyi Jorje daga baƙon farko har na ƙarshe, kamar yadda mai gida ke yi, ban taɓa zama ba, kuma ban taɓa jin kunyar inda na zaunar da mutane ba.

Maƙwabcinmu Miloje ya leƙo ta shinge ya same ni a durƙushe. Wai, "Me za ka yi da sabuwar baranda? Slava daga uba zuwa ɗa take bi. Kai 'ya gare ka, ita kuma ta bi waliyyin mijinta. Ka lallaɓa da faci kawai, in ka tafi an kashe kyandirin slava." Na ce masa ya je ya ɗaure akuyarsa da ke cin kabejin mutane. Amma maganar ta dame ni, don ba ƙarya ya yi ba.

Duk da haka ba zan yi faci ba. Zan sa a yanko mini sabon katako. Ki nemi hutu mai ɗan tsawo wannan karon, aikin ya fi na kullum.

Babanki,
Radisav

Linz, tsakiyar Nuwamba

Babana,

Na samu takardarka da miyar. Predrag ya shanye rabin kwalba a tsaye da burodi, ya ce in gaya maka hannunka ya fara faɗawa. Muna lafiya sai gajiya. Ma'aikata biyu sun bar gidan kula da tsofaffin da nake aiki, nauyinsu ya dawo kanmu. Maganin gwiwar da na aiko, kana shafawa ko yana kan taga kuna kallon juna?

Labarin kum ya sa ni dariya har abokiyar aikina ta leƙo. Daga baya na tsorata. Da kai ne ka shige, kai kaɗai a gida, wa zai ciro ka?

Baba, ka karanta har ƙarshe kafin ka fara huci. Kada ka sa a yanko katako. Akwai wani iri da ake shimfiɗawa a nan, garin katako ne ake kwaɓawa da roba, a matse shi ya fito kamar katakon gaske. Ba ya ruɓewa, tsutsa ba ta cinsa, ba ya tsagewa ya soki ƙafa. Shi ne a farfajiyar gidan tsofaffinmu, kullum kekunan marasa lafiya na bi ta kai, ko ana ruwa ban taɓa ganin wanda ya zame ba. Masu sayarwa sun ce yana kai shekara ashirin da biyar, kuma ruwa da sabulu kawai yake so. Ka ga an huta ke nan, ba sai wani ya zo a Afrilu ya yi mako a durƙushe da sanfefa da mai ba.

Na san ba ka sayen kifi a ruwa, shi ya sa na ba Stojadin guntaye uku ya kawo maka. Mai launin toka yana da rami a ciki, ya fi sauƙin ɗauka. Mai duhu cikakke ne, babu rami. Mai ruwan zuma shi ma cikakke ne, kuma an yi masa rufi a sama kamar fata. Akwai dila a Kragujevac da ke da su duka. Ka duba ka zaɓa, sauran ka bar mini.

Miloje kuwa ka ƙyale shi da halinsa. Akwai abin da nake so in gaya maka game da slava, amma ban gama magana da Predrag ba, kuma na fi so in faɗa maka ido da ido.

Ka gaishe mini da kum, ka ce masa ya rage cin naman da ya sa katako ya gaza.

'Yarka,
Danica

Brezovik, Disamba

Danica,

Lafiyata ƙalau. Gwiwa ma lafiya, har yanzu ba ta nemi keken marasa lafiya ba.

Guntayen robarki sun iso. Na ajiye su a rumbu kusa da bokitin kaji, tunda danginsu ɗaya.

Na karanta takardarki na sake karantawa. Ba sai wani ya zo a Afrilu ba. Na gane. Ba sai kin jira ido da ido ba, kuma ba sai Predrag ya taya ki neman kalmomi masu laushi ba. Hanya da nisa, kina da gidanki, kina da waliyyin mijinki. Shekarun da kika yi kina zuwa, na gode. Sai dai ki sani, ban taɓa kiran ki don mai ba. Hannu biyu gare ni, kuma tun kafin a haife ki na iya riƙe buroshi. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Na je wurin Fada Nikodim na tambaye shi yadda ake yi in slava ta ƙare a gida. Ya ce hoton waliyyi ana iya kai shi coci. To shi ke nan. Baɗi zan yi ta ƙarshe a kan katakon ubana, da faci, kuma a tsaye.

Radisav

Linz, tsakiyar Janairu

Baba,

Ina fatan kana lafiya. Ni dai ba lafiya ba, kuma kai ne sanadi.

Dusar ƙanƙara ta hana Stojadin tasowa, sai jiya takardarka ta shigo hannuna. Wato duk bikin Kirsimeti kana can kana ƙunar rai, ni ina nan ina cewa Baba na ta wasa da guntayen katakonsa. Na buga waya ranar biki, ka ce "lafiya, lafiya" ka ajiye, na ɗauka kunne ne. Ashe zuciya ce.

Haba Baba! Layi ɗaya ka tsinta a takarda mai shafi biyu ka yi ta tauna shi wata guda? Ni ce zan daina zuwa? Ni da na taɓa baro aiki da zazzaɓi na yini a bas don kada a kunna kyandir ba na nan? In da ina neman hanyar gudu, da ban tsaya zaɓa maka launi ba.

Amma ba wannan ne ya fi ƙona mini rai ba. Ka tashi ka sa hularka, ka taka har coci da wannan gwiwar, ka tambayi Fada inda ake kai hoton waliyyi. Ka tuna da coci, ka tuna da faci, ka saurari Miloje mai akuya, ni kuwa ko sau ɗaya ban faɗo maka a rai ba. Shekarata arba'in da bakwai a duniya, ban san wani gida ba sai wannan.

Tunda ka hana ni jiran Afrilu, ga maganar a takarda. Ina so ka ba ni slava. Ni, Danica, 'yar Radisav. Na yi magana da Predrag, ya ce tasu ta Waliyyi Nikola tana hannun wansa, ba ta rasa mai riƙewa ba, za mu je can a Disamba kamar kullum, mu zo nan a Mayu. Na tambayi limamin cocinmu na nan, ya ce ya sha ganin 'ya ta riƙe slavar ubanta in babu ɗa, kuma bai ga waliyyin da ya yi fushi ba.

Abin da nake nufi da Afrilu ke nan. Duk shekara makon nan yana ƙarewa ina durƙushe da sanfefa, hannuna na warin mai. Mama ta rasu ban koyi burodin slava a wurinta ba, sayowa muke yi, kuma na san hakan na cin ka ko da ba ka faɗa ba. Ban san yadda ake dafa alkamar da ake ba baƙi ranar slava ta yi laushi ba, ban san wa ake zaunarwa kusa da wa ba, ban san su wa ba sa ga maciji da juna ba. Ina so in yi makon nan a tsaye kusa da kai kana koya mini. Baranda ta kula da kanta.

Batun keke kuwa, ka yi haƙuri, bakin ma'aikaciyar jinya ne. Kullum abin da nake gani ke nan.

Ka ba ni amsa. In a'a ce, ka ce a'a da bakinka, zan iya ɗauka.

'Yarka, ko ka so ko ka ƙi,
Danica

Linz, ƙarshen Fabrairu

Baba,

Muna lafiya. Stojadin ya zo sau uku hannu rabbana. Ya rantse ya ba ka takardata hannu da hannu, ya ce kuma ya same ka a bayan gida kana zuba wa wani guntun katako ruwan inabi. Ban san ko in yi murna ko in kira likita ba. Na riga na karɓi hutun Afrilu.

Danica

Brezovik, tsakiyar Maris

Uwata,

Ina gaishe ki da Predrag. Lafiya nake, gwiwa ta ɗan saki tunda rana ta fara fitowa. Maganinki na shafa shi, wari gare shi kamar garejin mota, amma yana aiki.

Stojadin bakinsa ba ya shiru. Ba hauka nake ba, jarrabawa nake yi wa 'ya'yan robarki. Ba zan ɗora baƙina a kan abin da na sani a takarda kawai ba. Na raɗa musu suna don kada in rikice: mai launin toka Bajamushe, mai duhu Fada saboda baƙar rigarsa, ɗayan kuma Zuma.

Da farko na jefa su duka a kwamin shanu na bar su, ruwa ya daskare a kansu ya narke ya sake daskarewa. Babu wanda ya kumbura, wannan na ba su. Amma Bajamushe ruwa ya kwanta a raminsa, ƙanƙara ta tsaga masa baki. Ko ba haka ba ma, ramin nan ɓerayen Brezovik za su ɗauka gidan haya aka gina musu. Da na ƙwanƙwasa shi kuma amonsa kamar na ganga. Na sallame shi.

Saura biyu. Na ɗora su a kan kwanon rumbu da tsakar rana, na dawo na taɓa. Fada ya yi zafi sosai, a Maris fa! In Agusta ya zo sai dai a soya ƙwai a kansa, kuma kin san ni da tafiya ba takalmi. Daga nan na narka kitsen rago na zuba musu, na bi da ruwan inabi ja, na ƙara da miyar tattasai, duk abin da na san zai zube ranar slava. Na bar su suka kwana. Fada ya sha kitsen ya yi tabo, na goge har hannuna ya gaji bai fita ba. Zuma kuwa tsumma ɗaya da ruwan ɗumi, kamar ba a yi ba.

Sai na kira kum Vukadin. Na ɗora Zuma a kan bulo biyu na ce ya hau. Ya ce, "Sau ɗaya ake cin wawa." Na ce to ashe zakaran kokawar soja tsoron roba yake. Ai kafin in rufe baki ya haye, har da tsalle, yana zagin kakannin wanda ya ƙirƙiro ta. Ko gezau ba ta yi ba.

Wuri ɗaya duk suka faɗi. Na ɗora musu garwashi, kowanne ya narke ya bar rami mai wari. Katakon kakanki da baƙi kawai zai yi. Don haka gashin rago ya tashi daga bakin baranda ya koma bayan rumbu, masu juya shi su yi ta gunaguni, su ta shafa.

Abu ɗaya kuma na yi, kada ki yi dariya. Na shafa wa Zuma man katako, don raina bai yarda akwai itacen da ba ya so ba. Man ya tsaya a kai yini guda, ko ɗigo bai shiga ba. Kyanwa ta taka ta zame ta kalle ni kallon raini. Ban san yadda zan saba da katakon da ba ya shan mai ba, kamar baƙon da ya ƙi kofi ne. Amma gaskiya gaskiya ce, ya ci jarrabawa, kuma daga ɗan nesa launinsa ya so ya yi kama da namu in an gama shafa shi.

Ki sa dilan ya kawo Zuma. Azarar ƙasa kuwa ta itacen dajinmu za a sa, na riga na sare, tana bushewa. Roba ta hau sama ta yi ta ƙyalli, amma abin da ke ɗauke da ita namu ne.

Na koma wurin Fada Nikodim na ce ya manta da tambayar da na yi masa. Laifina ne da na karanta layi ɗaya na rufe ido.

Ɗaya maganar kuwa na karanta. Ina nan ina karantawa. Daga ubana na karɓa, shi ma daga ubansa, ban taɓa ganin an yi ta wata hanya a gidan nan ba. Kada ki matsa mini.

Babanki,
Radisav

Linz, farkon Afrilu

Babana,

Sannu da aiki, shugaban masu jarrabawa. Na karanta wa Predrag labarin kum a kan bulo, sai da ya sha ruwa don dariya. Muna lafiya, na ji daɗi da gwiwa ta saki.

Na yi magana da dilan, motarsa za ta riga ni isowa da kwana kaɗan. Don Allah kada kowa ya taɓa kafin in zo. Na san ku, kuna ganin katako hannunku zai fara ƙaiƙayin guduma. Wannan ba a buga masa ƙusa, wasu 'yan ƙarafa ne ke riƙe shi ta gefe. Kuma dole a bar masa 'yar tazara, don yana miƙewa in ya ji zafi. In aka matse shi kamar yadda kuka saba, kafin kaka zai yi doro. A ajiye shi a kwance a inuwa.

Ba zan matsa maka ba. Zan zo, zan koyi burodin ko da kaji ne za su ci, zan dafa alkama. Ranar slava in ka kunna kyandir da hannunka, zan koma kicin in yi ta miƙo faranti kamar kowace shekara, kuma ba za ka ga canji a fuskata ba. Amma kada ka ɗauka na janye. Taurin kan nan ba a kasuwa na saye shi ba.

Sai na iso.

Danica

Brezovik, ƙarshen Mayu

Uwata,

Stojadin ya ce kun isa lafiya, na gode wa Allah. Ni ma lafiya. Gidan ya yi mini girma tun da kuka tafi, amma wannan ba sabon abu ba ne.

Kin san ni, a gaban mutum bakina nauyi gare shi. Har kika hau bas ban ce miki komai ba sai "ki kula da jakarki". To ga abin da ban faɗa ba.

Tun ranar gayyar shimfiɗa baranda na fara kallon ki. Maza bakwai a tsakar gida, Miloje ya zo da gudumarsa da ƙusoshi cike da aljihu, kika karɓe gudumar daga hannunsa kika ce, "Kawu Miloje, yau aikinka riƙe igiyar awo." Ya riƙe kuwa! Mutumin da matarsa ta yi shekara talatin tana neman ya riƙe mata ƙofa. Na shige rumbu kamar ina neman wani abu, don kada a ga haƙorana.

Burodi na farko kaji sun ci. Na biyu ko kaji sai da suka yi shawara. Na uku da kika fito da shi daga tanda, na ji ƙamshin da rabona da shi tun uwarki na da rai. Na fita duba ragon da bai buƙaci dubawa ba.

Duk da haka har safiyar slava ban yanke ba, ki yarda da ni. Na sa farar rigata, na tsaya gaban hoton Waliyyi Jorje da ashana a hannu, Fada Nikodim na jira, baƙi sun cika ƙofa. Kada ki ɗauka gwiwa ce ta sa. Ƙafata za ta iya tsayuwar wasu shekaru biyar, ko don in ba Miloje haushi. Na tuna ne yadda na karɓa. Ubana bai ba ni da hannunsa ba, rasuwa ya yi a hunturu, na kunna kyandir a Mayu ina kuka, babu wanda ya ce mini ga shi. Sai na ce ni ba za a ɗauka daga hannuna bayan an rufe ni ba. Zan bayar ina tsaye, in gani da idona. Shi ya sa na miƙa miki ashanar. Tsinken farko ya karye a hannunki, na gani. Babu wanda ya gani sai ni.

Da Fada ya yanka burodin ya zuba ruwan inabi, ya ɗago yana neman mai gidan da za su juya shi tare, ya kalle ni. Na ja da baya na tura ki gaba. Kina kallon burodi, ba ki ga matan da ke bakin kicin ba. Sun jiƙe gyalensu da hawaye.

Ga kuma abin da ba ki ji ba, kina ciki kina ɗebo miya. Miloje ya sunkuyo wurin kum Vukadin yana cewa, "Barandar roba, mai gida mace. Duniya ta zo ƙarshe." Kum bai ko ɗago daga farantinsa ba ya ce, "Naka 'ya'ya maza uku, wanne ne ya zo taka slavar bara?" Miloje ya shiga neman gishiri a teburin da gishiri ke gabansa. Da yamma kuma shi ne ya fi kowa buga ƙafa da aka kama hannu ana rawa. Mutum wajen talatin suna tsalle a kan Zuma, kum a tsakiya, ni ina zaune ina sauraron azara. Ko ƙara ba ta yi ba. Washegari Miloje ya leƙo ta shinge yana tambayar sunan dilan, wai wani abokinsa ne ke so.

Zaman nan ne ya fi ba ni wuya. Duk baƙon da ya shigo sai ƙafata ta zabura da kanta. Sau nawa kika danna mini kafaɗa kina cewa, "Zauna, Baba, yau an gayyace ka ne." Sannan kika zo da tiren alkama, kika fara da ni kafin kum, kafin Fada ma. Na ɗauki cokali, na ga dole in faɗi abin da baƙo ke faɗa, a gidan da aka haife ni. Na ce, "Barka da slava, mai gida." Na ɗaga murya da gangan don a ji har bayan rumbu. Na yi alfahari da abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma ba su cancanta ba, amma ban taɓa jin irin na ranar nan ba. Ashe daga kujera ana ganin abin da mai tsayuwa ba ya gani. Na ga 'yata tana zagaya mutane, tana cika kofin kowa kafin ya nema, daga rana tsaka har baƙon ƙarshe, ba ta zauna ba.

Gyara kuwa akwai. Gishiri ya yi yawa a miya. Kin zaunar da matar Stojadin kusa da ƙanwarsa, Allah ne ya kiyaye. Alkama kuma tana son ƙarin sukari, mutanen nan ba masu ciwo ba ne irin na wurin aikinki.

Kin san al'adarmu, sau ɗaya ake gayyatar mutum slava. Daga nan ba a sake aika masa, shi ne zai riƙa zuwa da ƙafarsa duk shekara, har ranar da ba ya nan. To kin gayyace ni a gaban shaidu. Baɗi ina nan zuwa, kuma da wuri zan zo, ki ajiye mini kujerar gefen inabi.

Ki gaishe da Predrag.

Babanki,
Radisav